Neman shawara: ma'ajiyar amsoshin da na haɗa ta nuna wa wani asusun wani

Ɗan Domayo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a, domin abin da ya faru ranar Litinin har yau yana damuna.

Ni ne nake kula da kwamfutar wata ƙungiyar 'yan albasa a nan Marwa. Mutum arba'in da 'yan kai ne, yawancinsu sa'annin mahaifina, suna tara albasa daga gonakin kewaye su loda zuwa kudu, wasu kuma su kai Najeriya ta wajen Mubi. A ofis muna da ƙaramar na'ura, Raspberry Pi 4, da batir da farantin hasken rana guda. A kanta na ɗora shirin da na rubuta da Python. Magatakarda uku ne suke aiki da shi ta wayoyinsu a kan wifin ofis. Intanet ɗinmu layin waya ne a cikin modem, kuɗin data kuma daga aljihun ƙungiya yake fita, don haka duk ƙarshen wata sai ma'aji ya tambaye ni inda ya tafi.

Shirin yana leƙa wurare huɗu. Yana ɗauko hasashen yanayi daga Open-Meteo, don a san ko za a rufe buhuna da tamfol kafin mota ta tashi. Yana ɗauko canjin naira da sefa daga wani kamfani da muke biya, wanda ya ƙayyade mana yawan tambayar da za mu yi a wata. Yana neman inda ƙauyuka suke a taswira daga Nominatim. Na huɗu shi ne kamfanin sufurin da ke ɗaukar mana kaya, inda muke ganin jerin motocin da za su tashi da kuma asusun kowane ɗan kasuwa, nawa ya biya, nawa ake binsa.

Tun kafin ashirin ga wata rabonmu na tambayar canji yakan ƙare, shafin kuma ga nauyi, magatakarda ya danna ya zauna yana jira. Sai na yi dabarata. Na buɗe tebur mai gida uku a SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai: adireshin da aka tambaya, amsar da ta zo, lokacin da ta zo. Idan aka sake tambayar wannan adireshin kafin awa ɗaya ta cika, sai in miƙa abin da na ajiye. Wata biyu ana haka, kowa yana jin daɗi, data ma ta ragu.

Ranar Litinin dattawa biyu suka shigo a jere. Magatakarda ya buɗe asusun na farko, suka gama, ya tafi. Ya shigar da na biyu, ya karanta masa da ƙarfi a gaban mutane cewa ana binsa kuɗin mota uku. Alhajin ya ce shi mota ɗaya ya loda a watan nan, kuma ya biya. Da aka duba sunan da ke sama, ashe na Alhajin farko ne. Duk wanda ke ofis ya ji bashin mutumin da ya yi shekaru yana rufe sirrinsa. Da na bincika na gane cewa adireshin asusun iri ɗaya ne ga kowa, abin da ya bambanta shi ne shaidar shiga da ake aikawa a cikin Authorization, ni kuma ban taɓa duba ta ba.

Akwai ƙananan matsaloli biyu da na riƙa kau da kai a kansu. Ɗaya daga magatakardanmu da Turanci ya yi karatu, wayarsa tana neman Turanci, amma wani lokaci jerin motoci ya zo masa da Faransanci. Sannan canjin naira yakan yi nisa da abin da ake ciki fiye da awa ɗayan da na sa.

Yanzu na kashe ma'ajiyar gaba ɗaya. Na ji ana cewa HTTP, tsarin da ake aika buƙata da amsa da shi a intanet, yana da nasa ƙa'idojin adana amsa, waɗanda burawuza ke bi. Yaya zan sa su a shirin da ke gefen saba, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun wasu? In rubuta da kaina ko akwai abin da aka riga aka gina? Kuma idan rezo, wato layin intanet, ya ɗauke, wanda a nan ba abin mamaki ba ne, ya halatta in nuna tsohuwar amsa?

Na Bakin Benuwe ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da wannan abu. Kada ka wahalar da kanka da rubuta wani sabo, ka sa requests-cache, wani laburaren Python da aka riga aka gina don adana amsoshi. Layi ɗaya ne, ka canja Session, wato abin da shirinka ke aika buƙatu ta cikinsa, zuwa CachedSession, shi ma a SQLite yake ajiyewa in ba ka zaɓi wani wuri ba. Su kansu mutanen Open-Meteo da shi suke ba da misalinsu na Python, da expire_after=3600. Ni da shi nake aiki a nan Garwa fiye da shekara. Ka lura dai, in ba ka faɗa masa lokaci ba, ba ya zubar da komai har abada.

Malamin Dang ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Kashe ta da ka yi shi ne daidai, kuma na ji daɗi da ka faɗi abin yadda ya faru ba ka ɓoye ba.

Shawarar ɗan'uwanmu na Garwa tana da amfani, amma in ka ɗauke ta yadda take za ka koma gidan jiya. Shi requests-cache ba ya sa kanun buƙata, wato layukan bayani irin su Authorization da ke tafiya a samanta, cikin mabuɗin ajiya, wato abin da yake bambanta amsoshi da shi, sai ka umarce shi da match_headers, kuma Authorization na cikin abubuwan da yake cirewa da gangan don kada ya rubuta sirrin mutane a faifai. Ke nan a wurinsa ma Alhajin farko da na biyu mutum ɗaya ne. Haka kuma ba ya bin Cache-Control na amsar da aka aiko masa sai ka sa cache_control=True. Kayan aiki ne mai kyau, amma sai ka san ƙa'idar kafin ka san maɓallin da za ka murɗa.

Ƙa'idar tana cikin takardar da ake kira RFC 9111, wadda hukumar IETF ta fitar a watan Yuni 2022. Roy Fielding da Mark Nottingham da Julian Reschke ne suka tace ta. Ta maye gurbin RFC 7234 ta 2014, ita kuma waccan daga RFC 2616 ta 1999 aka ciro ta. Ba ta da tsawo, za ka iya karance ta a yini ɗaya, kuma ina roƙonka ka karanta.

Abu na farko da ta yi shi ne raba ma'ajiya gida biyu. Akwai ta mutum ɗaya, kamar wadda ke cikin burawuzar wayarka, duk abin da ta ajiye kai kaɗai za ta mayar wa. Akwai kuma ta taro, wadda ke tsaye tsakanin mutane da yawa da saba guda. Kuskurenka duka a nan yake. Kana ganin shirinka shi kaɗai ne yake tambaya, sai ka ɗauka ta mutum ɗaya ce. A'a. Shirinka yana tambaya ne a madadin mutum arba'in, don haka taka ta taro ce, kuma dokokin ta taro sun fi tsanani. Ɗaya daga cikinsu ta ce idan buƙata ta tafi da Authorization, ma'ajiyar taro ba za ta yi amfani da amsar ga wani ba, sai fa in amsar da kanta ta ba da izini da public ko s-maxage ko must-revalidate. Wata kuma ta ce duk amsar da aka rubuta wa private, ta taro ba ta da hurumin ajiye ta. Da ka bi ɗaya cikin biyun nan, da Alhaji bai ji kunya ba.

Yanzu maganar awa ɗaya. Wa ya ce maka awa ɗaya? Kai ka yanke, ka kuma ɗora ta a kan abubuwa huɗu da ba su yi kama da juna ba. Ƙauye ba ya tashi daga inda yake. Euro ɗaya sefa 655.957 ne tun farkon 1999, in ka ajiye wannan shekara guda ba ka yi asara ba. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yuni 2023 tana iya motsawa tsakanin azahar da la'asar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: sabar da ta ba ka amsa ita ta san tsawon ran amsarta, kuma tana faɗa maka a kanun amsa. Ma'ajiyar taro tana fara duba s-maxage. In babu, ta duba max-age. In babu, ta ɗebe Date daga Expires. Duka da sakan ake lissafi, max-age=600 minti goma ke nan.

Ga inda nake zaton canjinka ya tsufa. Yawancin manyan kamfanoni suna da tasu ma'ajiyar a gaban sabarsu, kuma takan rubuta maka Age, wato sakan nawa amsar ta riga ta yi a hannunta. A ce max-age=3600 ne, Age kuma 3000. Saura sakan 600 kawai. Kai kuma ka karɓa ka ƙara mata awa guda daga lokacin da ta iso maka, sai magatakarda ya karanta farashin da ya kusa awa biyu da kwana yana zaton na yanzu ne.

Idan saba ba ta faɗi komai ba, an yarda ka yi kirdado. Abin da aka fi yi shi ne a duba Last-Modified a ɗauki kashi 10 cikin 100 na tsawon lokacin da abin ya yi bai canja ba: abin da ya yi kwana goma a yadda yake, a ba shi kwana ɗaya. Ka sani cewa har 404, wato amsar da ke cewa babu abin da aka nema, ana iya ajiyewa ta wannan hanya, don kada wata rana ka yi mamakin ganin motar da aka riga aka saka a jeri tana ta cewa babu ita.

Kalmomi biyu suna rikita ɗalibaina duk shekara. no-store shi ne kada ka ajiye sam. no-cache kuwa ba haka yake nufi ba, cewa yake ka ajiye, amma kada ka miƙa wa kowa sai ka koma ka tambaya ko yana nan yadda yake.

Wannan komawa tambaya ita ce ɓangaren da teburinka mai gida uku ba shi da shi, kuma ita ce za ta fi rage maka kuɗin data. Saba takan liƙa wa amsa hatimi, ETag. Idan lokacin amsar ya ƙare, ba zubar da ita za ka yi ba. Ka aika buƙata da If-None-Match ɗauke da wannan hatimin. In abin bai canja ba, za ta amsa da 304, kanu kawai babu jiki, kai kuma ka sabunta kanun da ka ajiye ka ci gaba da miƙa abin da ke hannunka. In babu hatimi, a yi da Last-Modified da If-Modified-Since. Jerin motocin nan naku, ina kyautata zaton sau ɗaya ko biyu yake canjawa a yini, amma kana sauke shi cikakke duk awa. Wasu kamfanonin ma ba sa lissafa 304 a cikin rabonka. GitHub haka yake yi ga wanda ya shiga da shaidarsa. Ka rubuta wa masu canjin ku ka ji tsarinsu.

Sai abu ɗaya da masu rubuta nasu suke mantawa: idan shirinka ya aika POST ko PUT ko DELETE, wato buƙatun da ke canja abu a saba, zuwa wani adireshi aka karɓa, dole a soke abin da aka ajiye na wannan adireshin.

In rubuta da kaina? Don koyo, rubuta. Don ofishin da sirrin dattawa ke ciki, a'a. A Python akwai CacheControl, wanda pip da kansa yake amfani da shi, akwai hishel ga masu httpx, akwai requests-cache ɗin da aka ambata. Masu Node suna da http-cache-semantics, wanda nake so saboda tun farko yana ɗaukar kansa na taro ne sai ka ce masa ba haka ba. Amma duk wanda ka zaɓa, shawarata ita ce ka yi Session biyu. Ɗaya mai ma'ajiya, na yanayi da canji da jerin motoci. Ɗaya tsirara, babu ma'ajiya ko kaɗan, na duk abin da ke tafiya da shaidar mutum. Asusu ba abin da ake buɗewa sau ɗari a yini ba ne, a jira shi sakan biyar bai zama komai ba.

'Yar Injamena ta rubuta:

Sannu ƙanena. Malam ya gama da babban ɓangaren, Allah ya ƙara basira Malam. Bari in ɗauki maganar harshe da ta rezo, don su na fi sha.

Mu a nan Faransanci da Larabci muke haɗawa, kuma ka san in Larabci ya faɗo inda ake jiran Faransanci har shafin juyawa yake yi daga dama. Maganin yana cikin wani kan amsa da ake kira Vary. Idan saba ta rubuta Vary: Accept-Language, tana gaya maka cewa adireshi kaɗai bai isa mabuɗi ba, sai ka haɗa da harshen da aka nema. In ta rubuta Vary: * to kada ka sake amfani da wannan amsar ba tare da komawa wurinta ba. Amma ga abin da na koya da wahala: kada ka ɗauki Accept-Language na wayar magatakarda ka tura shi waje yadda yake. Wata wayar tana aiko fr, wata fr-FR da jerin wasu harsuna a bayansa, wata fr-CM. A wurin ma'ajiya kowanne dabam ne, sai ka ga tana ta ajiye abu ɗaya sau shida ba ta taɓa samun daidai ba. Ka tace shi a shirinka ya zama fr ko en kawai, sannan ka aika.

Tambayarka ta ƙarshe, ko ya halatta ka nuna tsohuwar amsa idan rezo ya ɗauke. Ya halatta, da sharaɗi. Ƙa'idar ta yarda ma'ajiyar da ta kasa kaiwa ga saba ta ba da abin da ya kwana, sai in amsar ta zo da no-cache ko must-revalidate, ko kuma, ga ta taro irin taka, s-maxage ko proxy-revalidate. In akwai must-revalidate kuma ba ka samu saba ba, kuskure za ka mayar, yawanci 504. Akwai kuma wasu kalmomi biyu da RFC 5861 ta kawo a 2010. stale-if-error yana cewa in an samu matsala ka ba da tsohon har zuwa sakan kaza. stale-while-revalidate kuwa kamar ɗumame ne: ka zuba wa mai jin yunwa na jiya nan take, kana tuƙa sabo a gefe.

Sai dai halatta dabam, dacewa dabam. Hasashen ruwa na safe in aka nuna shi da rana, babu wanda ya cutu. Canjin kuɗi na jiya in aka yi ciniki a kansa, wani zai tafi gida da asara. Abin da nake yi shi ne duk lokacin da na ba da tsohon abu sai na rubuta lokacinsa a jikinsa da jan rubutu, misali wannan farashin na ƙarfe 9:40 ne. Ɗan kasuwa ya fi ni da kai sanin abin da zai yi da wannan bayanin, ka dai ba shi.

Ka kuma duba agogon na'urarka. Raspberry Pi 4 ba shi da agogo mai batir a jikinsa, sai a Pi 5 aka sa wurinsa. In wuta ta ɗauke batirinku ya ƙare, zai tashi da lokacin da ya tsaya a kai har sai ya samu intanet ya daidaita. A wannan tsakanin abin da ya yi awa biyar zai ga kamar yanzu aka kawo shi. Ƙaramin allon agogo irin DS3231 ba shi da tsada, ka sa masa. Sannan duk lokacin da ke cikin kanun HTTP da GMT yake, mu kuma Chadi da Kamaru muna gaba da awa ɗaya. Na taɓa ɓata kwana biyu ina neman dalilin da ya sa komai ke mutuwa da wuri, ashe Expires nake gwadawa da agogon gida.

In ba ka son taɓa shirin sosai, akwai wata hanya: ka tsayar da Nginx, wani shirin saba mai tasa ma'ajiyar, a kan na'urar, shirinka ya riƙa tambayarsa, shi ya fita waje. Ka kunna proxy_cache_revalidate don ya riƙa aika hatimi, proxy_cache_use_stale don lokacin matsala, da proxy_cache_lock don in magatakarda uku suka danna tare buƙata ɗaya ce za ta fita. Ba ya ajiye abin da aka rubuta wa private ko no-store, ko wanda ya zo da Set-Cookie. Amma Authorization sai ka hana shi da kanka, da proxy_no_cache da proxy_cache_bypass a kan $http_authorization.

Na Bakin Benuwe ya rubuta:

Malam, na karɓi gyara, ban san yana cire Authorization ba, yau zan duba nawa. Amma ina da ja a kan abu ɗaya. Ana cewa a bi abin da saba ta faɗa. To ƙananan kamfanonin da muke hulɗa da su a nan, da yawa ba sa rubuta komai a kanun amsa, wasu kuma no-cache suke mannawa a kan komai saboda haka shirinsu ya zo. In na bi su, ba zan ajiye komai ba, rabona ya ƙare ran sha biyar ga wata.

Malamin Dang ya rubuta:

Jan naka yana kan hanya. In ba su faɗi komai ba, ƙa'ida ta ba ka damar kirdado, ka sa lokacinka, amma kowane adireshi da nasa, urls_expire_after don haka aka yi shi. In sun ce no-cache kuma suna ba da hatimi, ba ka yi asara ba, 304 za ka riƙa samu. In sun ce no-cache babu hatimi, kai kuma ka san abin ba sirri ba ne kuma ba ya saurin canjawa, to ka ɗauko shi ka zuba a rumbun bayananka da sunan abin da ka sani ya zuwa ƙarfe kaza, ka nuna lokacin, kamar yadda 'yar'uwarku ta ce. Wannan shawarar sana'arka ce, kai ka ɗauki nauyinta da idonka a buɗe. Abin da ba na so shi ne a taka private ko no-store a ɓoye cikin laburare. Kuma ka rubuta musu. Sau da yawa mai kula da sabar yaro ne kamarku, layi biyu zai ƙara.

Ɗan Domayo ya rubuta:

Malam, Yaya, ɗan'uwa na Garwa, Allah ya saka da alheri. Kwana huɗu na yi shiru saboda ina son in dawo da abin da na gani da idona.

Na fara da curl -sD - -o /dev/null a kan kowane adireshi don in ga kanun amsa kawai. Abin da na gani a asusun kamfanin sufuri ya sa jikina ya yi sanyi: Cache-Control: private, no-store. Tun ranar farko suna faɗa mini kada in ajiye, a kowace amsa, wata biyu cur, ni kuma jikin amsar kawai nake ɗauka ina zubar da kanun. Laifin ba nasu ba ne ko kaɗan.

Jerin motoci yana zuwa da ETag da Vary: Accept-Language, daidai yadda Yaya ta faɗa. Na kwafi hatimin na mayar musu da If-None-Match, sai ga 304. Na tsaya ina kallonsa, abin da nake saukewa kusan kilobait 90 duk awa ya koma 'yan layuka. Masu canji kuma max-age=900 suke bayarwa, minti goma sha biyar, kuma sau ɗaya na ga Age ya haura 700.

Ga yadda na tsara yanzu. Session biyu kamar yadda Malam ya ce, kuma na sa wa mai ma'ajiyar shinge: in aka ba shi buƙata mai Authorization, ya ƙi aikawa ya ta da kuskure. Na rubuta gwaji da shaidu biyu na ƙarya, ya tambayi asusu da na farko, ya tambaya da na biyu, ya tabbatar amsoshin sun bambanta. Na zauna da requests-cache tunda shi na fi ganewa, na kunna cache_control, na sa Accept-Language a match_headers bayan na tace shi zuwa fr ko en. Yanayi na bar shi a awa ɗaya, da stale_if_error. Ƙauyuka na cire su daga wannan lissafin gaba ɗaya na ba su teburinsu, tunda dokar amfani da Nominatim da kanta ta ce a riƙa ajiye sakamako kuma kada a wuce tambaya ɗaya a sakan. Ina rubuta from_cache na kowace amsa a littafin aiki don in ga nawa ke fita waje. Tsohon teburin na goge shi, domin da na leƙa ciki na tarar da asusun mutum goma sha ɗaya a kwance. Wannan ya ƙara tayar mini da hankali, ga shi kuma Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutane a watan Disamba 2024.

Canjin kuɗi ne ban gama yanke shawara ba. In na bi minti goma sha biyar, daga bakwai na safe zuwa shida na yamma tambaya 44 ke nan a yini in ana dannawa ba tsayawa, rabonmu kuma ba zai kai ƙarshen wata ba. Na rubuta musu ina tambayar ko 304 yana cikin lissafi, ina jiran amsa. Kafin nan na sa farashin yana fitowa da lokacinsa, da maɓallin da magatakarda zai danna in ana shirin ƙulla ciniki don a ɗauko na yanzu. Dama dattawan ba da shi kaɗai suke aiki ba, sai sun kira mutanensu na bakin iyaka sun ji yadda ake canzawa a hannu.

Agogon ma na ba wani direbanmu saƙo ya taho mini da shi daga Yawunde.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mahaifina ya raka ni gidan Alhajin da aka karanta bashinsa. Na gaya masa ba magatakarda ba ne, ni ne, kuma na faɗa masa abin da na gyara. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ya yafe, amma daga yau in za a duba asusunsa a miƙa masa wayar ya karanta da kansa. Na kai maganar gaban shugaban ƙungiya, an mayar da ita doka ga kowa.

Yaya, wata tambaya: a Nginx ɗin naki, $upstream_cache_status kike zubawa a littafin aiki don ki bambance HIT, wato amsar da ta fito daga ma'ajiya kai tsaye, da REVALIDATED, wadda sai da aka koma aka tabbatar, ko akwai wata hanyar da ta fi? In ofishinmu na Mora ya buɗe bayan damina, ina tunanin can zan gwada tsarinki.